Ruwan Da Muka Bari A Kan Babur

Edita, sallama gare ka da masu karatu. A shekarar da abin nan ya faru ni saurayi ne mai bakin tsiya, ina sayen albasa a Aliero ina kaiwa kasuwar Jega, kuma duk majalisar da na zauna sai an yi dariya, ko da wa za a yi ta. Wanda ya fi shan bakina shi ne ɗan kawuna, taubashina. Mutum ne mai sanyin hali, in na tsokane shi murmushi kawai yake yi. Tare muka tashi, tare muka yi makarantar allo.

Azumin shekarar ya faɗo tsakiyar bazara. Ka san halin samari, a fita yawo don a rage rana kafin shan ruwa. Wani makiyayi ya taɓa ba ni labarin wani kwazazzabo a dajin bayan Giwa Tazo, wai in ka bi shi da ƙafa sai ka ɓulla wajen Kuberi, kuma ban da masu kiwo ba mai shigarsa. Na matsa wa taubashina lamba sai mun je mun gani. Bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba, don haka da za mu fita innarsa ta ɗaura ruwan leda biyu a bayan babur, ta ce in ya ji jiri ya sha, mara lafiya yana da uzuri, ya rama daga baya.

Da muka ajiye babur a gindin wata aduwa a bakin kwazazzabon, ya miƙa hannu zai kwance ruwan. Nan bakina ya buɗe. Na ce ashe azumin yara yake yi, na rabin rana. Na rantse in ya ɗauka sai duk majalisa ta ji, har gidan yarinyar da yake nema sai na kai labari. Ya yi murmushin nan nasa, ya janye hannunsa, muka gangara.

Wurin yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Bango ja dama da hagu, ya fi soro tsayi, ƙasa kuma yashi mai laushi. Muna tafe ina ɗaukar hoto, ina ihu ina jin muryata tana dawowa. Amma iska ba ta shiga can ciki, da rana ta take sai ka ce cikin tanda muke. Hanya ta rabu biyu, ta sake rabuwa, ni kuwa ina gaba kamar na san inda za ni. Bayan azahar na waiga na ga ya jingina da bango. Na taɓa shi, jikinsa zafi rau, kuma babu ɗigon gumi ko ɗaya. Ya fara magana ba kan gado, yana tambayata ko an ba awaki dusa. Waya ba sabis. Na ja shi inuwa, na ce ya jira ni, na juya da gudu.

Na ɓata. Sau nawa na shiga reshen da ba shi ba, ban sani ba. Da na isa babur na kwance ruwan na koma, rana ta yi ja. Na same shi yadda na bar shi, ya ɗan karkata gefe. Na fasa leda ɗaya na zuba masa a baki, ruwan ya gangaro ta gefen kumatunsa ya shige yashi. Na rufe masa ido na zauna. Ban yi ihu ba, ban yi kuka ba, ban ji komai ba. Da rana ta faɗi na ciji ɗayar ledar na shanye, don lokacin shan ruwa ya yi. Daga baya na yi ta kiran taimako, wasu makiyaya da suka ji su suka taya ni fito da shi.

Kawu ya ce kwanansa ne ya ƙare, kowa ya ce haka, kuma na yi imani da ƙaddara. Amma bayan sadakar uku innarsa ta kira ni ɗaki, ta tambaye ni a hankali ko ya samu ya sha ruwan da ta ɗaura masa kafin ya cika. Na gyaɗa kai. Ta ce alhamdu lillahi, ta sa mini albarka. Har yau da wannan take samun sanyi, har yau ni take aika wa kunu in azumi ya zo, ina sha ban san ɗanɗanonsa ba.

Mutane suna cewa na natsu, na daina surutu. Ba natsuwa ba ce, maganar ce ta ƙare mini. Abin da na gane shi ne mai kunya yakan bar abin da zai cece shi don kada a yi masa dariya. 'Yan uwana samari, kada ku shiga dajin da ba ku sani ba babu ɗan jagora, babu ruwa, ko da azumi kuke. In kuma ka ga ɗan uwanka ya miƙa hannu zai ɗauki uzurin da Allah Ya ba shi, don Allah ka kama bakinka, ka bar shi ya ɗauka.