Kunkuru da Kwanona Mai Hawa Biyu

Faɗanmu na farko da Kunkuru a kan kwano ne. Ƙanin mijina ne, ciki ɗaya, kuma lokacin da na shigo gidansu ko gemu bai tsiro masa ba. Da ya samu aiki wurin masu yin titi, maigidana ya ce in riƙa zuba masa abincin rana yana tafiya da shi, tunda ba shi da mata. Na ɗauko kwanona na ƙarfe mai hawa biyu, wanda ko baƙo ban cika yarda in zuba wa abinci a ciki ba, na sa shinkafa a ƙasa, miya a sama. Da yamma sai ga shi ya miƙo min wani abu baƙi ƙirin, an nannaɗe shi da waya kamar ƙafar da ta karye, yana ta warin man inji. Na ce ina kwanona? Ya ce ga shi nan a hannunki.

Ranar har maƙwabta sun ji muryata. Na ce masa ko a maƙera ba a yi wa kwano wannan wulaƙanci, na ce in haka ake aikin titi to gara ya koma zaman banza. Yana tsaye yana murmushi har na gaji don kaina, sannan ya ce, "Matar Yaya, abincinki ne ba ya son sanyi. Na ɗaure shi a jikin inji ya ji ɗumi."

Na ce to daga yau injin ya dafa maka. Kwana uku ban zuba masa ko ƙwayar shinkafa ba. A na huɗu na ga wuyansa ya fara tsawo, na zuba, don kada a ce a gidana yunwa ta kashe ɗan mutane. Kwanon kuwa na bar masa, amma na gaya masa aro ne. Shekara arba'in da shida ya yi a hannunsa, kuma ban taɓa fasa tuna masa ba.

Abin da ya sa nake tone-tonen nan shi ne abin da kunnena ya jiye min a wurin gaisuwar rasuwarsa. Ina zaune ina ji ɗansa, wanda muke kira Ofisa, yana gaya wa abokan aikinsa wai mahaifinsa injiniyan hanya ne. Injiniya a gidan wa? Kunkuru direban rola ne, motar nan mai ƙaton gangan ƙarfe a gaba, wadda ke bi ta kan tsakuwa da kwalta tana danne su. Tafiyarta ko tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta wuce ta, shi ya sa aka laƙaba masa sunan. In an tsokane shi sai ya ce sannu ba ta hana zuwa. Bai taɓa jin kunyar aikinsa ba, kuma ba zan bari a sa masa rigar da ba tasa ba bayan ya bar duniya.

Yana da yadda yake girkinsa, kuma ba ya duba agogo. In hantsi ya yi sai ya ɗaure kwanon kusa da salansa, bututun hayaƙin inji, ya hau, ya riƙa ƙirga zuwa da dawowa. Ɗumamen shinkafa, sahu huɗu. Ɗanyen ƙwai da albasa da ɗan mai, sahu shida. Dankali tun safe ake ɗaure shi, a juya kwanon sau ɗaya. In rana ta take, sai a kashe inji, duk ma'aikatan su taru a inuwar rolarsa, kowa ya buɗe nasa, hannu na shiga kwanon kowa. A duk rayuwarsa ta aiki bai taɓa cin abincin rana shi kaɗai ba. Ku riƙe wannan, don a nan maganar take.

Titi ba ya zama wuri ɗaya, shi ma bai zauna ba. Sansani goma sha ɗaya ya zauna, kuma ko ɗaya ba ya kiran sa da sunan da masu garin suka sa masa. Da abin da ya ci da rana yake kiran gari. Akwai Garin Kifi, inda suka shekara uku suna jiran a gama gada, masunta na kawo kifi yana motsi, ya tsaga shi ya barbaɗa gishiri da barkono ya ba inji. Akwai Dutsen Dankali, inda sanyi ya sa suke rungumar kwanon kafin su buɗe. Akwai Filin Burodi, inda ya ce ko itace ɗaya babu, wata bakwai suna cin burodi da kifin gwangwani har ya tsani ganin gwangwani. Sau ɗaya aka tura shi karɓo sabuwar rola a tashar jiragen ruwa, ya ga teku, ya dawo yana ba mu labari har muka ƙoshi. Na tambaye shi yaya tekun yake, ya ce ruwa ne dai mai yawa, amma wata mata a bakin tashar tana soya jatan lande da tafarnuwa, wannan kam abin a je a gani ne.

Ni da ban taɓa zama ko'ina ba sai gidaje uku a gari guda, duk ƙasar nan a bakinsa na zaga ta. Sau ɗaya tak na bi shi, zuwa Garin Kabeji, lokacin da matarsa ta haifi Ofisa. Ɗaki ɗaya ne na kwanon rufi, gado da tabarma da risho, in rana ta yi kamar tanda. Ranar da aka haifi yaron ba wanda ya samu sukunin ɗora tukunya, sai ga Kunkuru da tsakar rana ya shigo da kwanona a hannu, kabeji da ƙwai da albasa, da zafinsu daga jikin inji. Na ce ba zan ci abincin da ke warin mota ba. Da ya fita na ɗanɗana. Ni da mai jego muka sharce kwanon tas, kuma har ya mutu ban gaya masa ya yi daɗi ba.

Matar ta rasu yaron na da shekara tara, aka kawo min shi don ya yi karatu wuri ɗaya. Ni na wanke masa kayan makaranta, ni na yi jinyar ƙyandarsa. Saboda haka in na faɗi magana a kansa, ba wanda zai ce min ina ruwana.

Da Kunkuru ya yi ritaya, ido ya fara rauni, ga hawan jini, Ofisa ya ɗauke shi ya kai shi gidansa, hawa na uku a wani dogon bene. Ban ce bai kyauta ba. Ɗaki mai fanka, katifa mai laushi, taga mai labule. Amma shi da matarsa tun safe suke fita aiki, sai yamma. Matar, baiwar Allah, takan dafa abinci ta zuba a roba ta sa a firji, ta nuna wa tsoho wani akwati mai wuta da zai sa a ciki ya danna, in ya yi ƙara ya ciro. Sai ya zauna a teburi mai kujera shida, biyar ba kowa, ya ci yana kallon bango. In sun dawo ya fara labarin Garin Kifi, sai Ofisa ya ce, Baba ai mun ji wannan, idonsa na kan waya.

Wata uku ban je ba saboda matakalar nan da gwiwata ba sa shiri. Sai na ji wai tsoho ya daina cin abinci, an kai shi asibiti sau uku, an ɗebi jini, an ɗauki hoton ciki, ba a ga komai ba. Na ɗauki sandata na hau benen nan ina hutawa a kowane hawa. Na tarar da shi zaune a teburi. Mutumin da ke cika kujerar rola ya koma kamar tsinken tsintsiya, ga robar abinci a gabansa ko cokali bai sa ba. Na ce Kunkuru, me ke damunka? Ya ce ba komai, baki ne ba ɗanɗano. Na ce ina kwanona? Ya nuna baranda da haɓa.

Na leƙa. Gindin kwanona ne, an huda shi da ƙusa wuri biyar, an cika shi da ƙasa, an dasa fure a ciki. Fure! Kwanon da ya ciyar da uban mai gidan shekara arba'in da ɗoriya, ya ciyar da uwar mai gidan ranar da ta haife shi. Hawan sama da murfin na same su a bayan buhun gawayi, an tara ƙusoshi a ciki. Na zazzage su a tsakar falo, na bar su nan don mai takalmi mai ƙyalli ya taka.

A kan hanyata ta zuwa na ga ana gyaran titin bayan gidansu, har da rola. Washegari na dawo da dankali yankakke da ƙwai biyu da albasa, gishiri ɗan kaɗan, a hawan saman da ya tsira. Na ce tashi mu sauka. Ya ce Ofisa ya hana shi fita. Na ce ni na raini Ofisa ko shi ya raine ni? Muka sauko, makaho na jan gurguwa, muna zagin matakala.

Direban rolar wani magidanci ne mai furfura a gemu. Na gaya masa abin da nake so, ya dube ni kamar na taɓu, ya ce Hajiya injin yanzu a rufe yake. Kunkuru ya matsa, ya shafa jikin motar da tafin hannu kamar mai duba zazzaɓin yaro, ya ce buɗe nan. Ya laluba, ya sami wurin, ya karɓi waya ya ɗaure kwanon da hannun da jiya ko cokali ba ya iya ɗagawa. Ya ce wa direban, sahu goma, a na biyar ka tsaya in juya. Muka zauna a bakin kwalbati yana ƙirgawa da ƙarfi.

Da rana ta take aka kashe inji, ma'aikata suka taru a inuwa. Aka buɗe kwano, wannan ya sa hannu, wancan ya tura masa wake, wani ya gutsuro masa burodi. Ya ce burodi kam a kai kasuwa, ya ci rabonsa a Filin Burodi, suka ce ina ne nan, ya fara. Yana labari yana ci, yana ci yana labari, har ya suɗe yatsa. Ni ina gefe ina kallo.

Kwana tara muna haka kafin asiri ya tonu. Ofisa ya dawo ɗaukar wata takarda da rana, ya hango ubansa a bakin kwalbati cikin leburori, hannu dumu-dumu da mai. Ya fito daga mota fuska a murtuke, ya ja ni gefe, murya ƙasa-ƙasa don kada a ji. Ya ce Inna, me mutane za su ce, a unguwar nan an san shi, ga ƙura, ga likita ya kafa doka a kan abincin Baba. Ni kuwa ban rage murya ba.

"Likita gishiri ya ce a rage, bai ce a rage mutane ba. Kun kai shi an ɗauki hoton cikinsa sau nawa, wa ya ɗauki hoton teburin da yake ci shi kaɗai? Kunyar leburori kake ji? Da kuɗin wace rola aka saya maka takalmin makaranta?"

Sai Kunkuru ya ɗago, a hankali yadda yake komai, ya tambayi ɗansa ko ya san abin da uwarsa ta ci ranar da ta haife shi. Ofisa ya ce bai sani ba. Na ce sau nawa aka fara gaya maka kana latsa waya? Uban ya miƙa masa kwanon, ranar kuwa kabeji da ƙwai na kawo. Ya karɓa, ya ci loma biyu a tsaye don kada wandonsa ya ɓaci. A ta uku ya tsuguna. Ban ce ya shiryu ba, tunda kun ji abin da ya faɗa a wurin gaisuwa, amma ranar dai ya ji labarin Garin Kabeji har ƙarshe.

Aikin titin ya ƙare, rola ta tafi. Ba a jima ba aka yi wa Ofisa canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa, ya ce da Baba za su tafi. Na sa shi ya rantse a gabana cewa gidan ƙasa zai kama, ba bene ba, kuma za a sa wa tsoho benci a ƙofar gida inda masu gadi da masu wanki da duk mai wucewa za su zauna su ci tare da shi. Ya cika alkawarin benci, wannan na ba shi. An ce min tsoho ya yi ƙiba har ya sa wa garin suna Garin Taliya, kuma ya shekara biyu a kan bencin nan kafin Allah ya karɓi abinsa.

Ranar tafiyarsu ce ganina da shi na ƙarshe. Na kai wa mai walda gindin kwanon ya toshe hujojin, na zubar da furen a bola, na cika hawa biyun, shinkafa a ƙasa, miya a sama, kamar ranar farko. Yana zaune a bayan mota na ɗora masa a cinya. Ya shafa shi, ya ji tabon walda, ya ce Matar Yaya, yanzu dai kin bar min shi ko? Na ce:

"Ban bar maka ba, aro ne. Kada ka kuskura ka buɗe shi kai kaɗai, ko almajiri ne ya zo wucewa ka kira shi ya sa hannu. In ka gama ka dawo min da abina a wanke."