Ramar Hajiya a Saman Soro

Duk wanda zai rubuta tarihin shari'a a duniya bai yi wa ilimi adalci ba idan ya tsallake saman soron gidanmu a unguwar Hindawiyya ta Makka, inda dokar Amurka da dokar Harami suka yi karo a kan gwangwanin man girki guda uku.

A cikin gwangwanayen nan kakarmu Hajiya ta shuka rama. Wata alhajiya ce ta kawo mata irin daga Kano, ƙulle a bakin mayafi. Hajiya, wadda ta fi shekara hamsin a Makka ba ta yarda mulukiyyar Larabawa miya ce ba, ta riƙa ba ramar ruwan da na'urar sanyaya ɗaki ke ɗigarwa, tana yi mata magana da murya mai taushin da mu jikoki ba mu taɓa samu ba.

Sai ga taubashina ya zo Umara. A Kano ya girma, amma ya daɗe a Amurka yana aiki a kantin magani. Da ya sauke harami muka zauna cin abinci, Hajiya ta ce, "To maigidan, ba mu labarin garin da ka guje ni dominsa."

Cikin labaran da ya bayar, na wiwi ne ya tsayar da cokula. Ya ce a jihar da yake, baligi mai shekara ashirin da ɗaya yana shiga kanti ya nuna katinsa ya saya, har a ba shi rasit. Akwai iyakar abin da zai riƙe, ba a sha a titi, mutum kuma yana iya shuka 'yan tushe a gida muddin ba a hango su daga waje. Amma idan ya tuƙa mota ya shiga jihar da ke maƙwabtaka da su da abin a aljihu, ya zama mai laifi. Gwamnatin tarayya kuwa har gobe haramun take kallonsa.

"Da rasit ɗin nasa?" in ji Hajiya.

"Da rasit ɗin, Hajiya."

"Ashe ba hankali suka fi mu ba, takarda suka fi mu."

Mu dai ba mu yi mamakin dokar da ke sauyawa da taku ɗaya ba. Mutumin Makka ya tashi yana ganin alamun iyakar Harami a bakin hanya: a can ka kama tsuntsu, a nan ko korarsa ba ka yi.

Da la'asar na hau da shi sama mu sha iska. Yana ganin gwangwanayen ya tsaya cak, ya cafke hannuna. Wanda ya san rama a kwano kawai bai san ganyenta na sama yana rabuwa kamar yatsun hannu ba, siriri mai baki kamar zarto, sak hoton ganyen wiwi da ke jikin allunan gargaɗi.

"Kai, malam! Me nake gani? A Saudiyya?"

Na tsinki ganye na sa masa a baki. Tsamin ya dawo masa da hankali, amma bai kore masa tsoro ba. Ya ce shi ya yarda rama ce, sai dai askarawa ba su san kwaɗo ba, ga benen maƙwabta yana leƙen soronmu, kuma a nan ba a tambayar rasit. A tuge ta yau, tun kafin wani ya ɗaga waya.

Hajiya ta hawo a hankali, tana hutawa a kowane mataki, ta iske ya naɗe hannun riga.

"Ɗan nema, me za ka yi wa 'ya'yana?"

"Hajiya, ceton ki zan yi. Mushkila ce babba."

"Mushkilar gidanku. Kai da ka haddace dokar jiha hamsin, ba a gaya maka ba a tuge tsiro a Harami ba? Aski bai huce a kanka ba za ka ɗauki zunubi. Yalla, taɓa mu gani."

Hannunsa ya tsaya a iska. Ya waiwayo gare ni, tunda ni ne mai koyarwa a makaranta. Na san malaman fiƙihu sun ce hanin yana kan abin da ya tsiro da kansa ne, ban da wanda mutum ya shuka. Na kuma san wa ke dafa mini tuwo ranar Juma'a. Na gyara murya na ce mas'alar tana da faɗi, kuma barin abin da ake kokwanto ya fi.

Ya sauke hannun riga, amma ya ce ba zai bar garin da kwanciyar hankali ba. Hajiya ta ce indai idon maƙwabta ne, bakinsu za a bi. Washegari ta sa aka daka ƙuliƙuli, aka yanka albasa da tumatir, aka yi kwaɗon rama kwano-kwano. Ta ɗora wa Ba'amurken tire, ta ce tunda shi ne lauya, shi zai kai hujja. Ya bi benen hawa-hawa yana sallama da Larabcinsa na littafi, yana nuna soronmu ta taga, yana bayanin cewa wancan ganyen shi ne wannan. Wata tsohuwa 'yar Yaman ta nemi ƙari. Wani Bahijaze ya ɗanɗana, ya rufe ido don tsami, ya rantse zai yi shaida a gaban kowa cewa ba mai shan wannan don nishaɗi.

Taubashina ya dawo da tire wayam yana dariya, ya sumbaci kan Hajiya, ya ce an wanke wadda ake tuhuma. Ramar ta zauna a gwangwanayenta har ta yi fure.

Kwaɗon kuwa da busasshiyar ramar da aka sayo wurin wata mata a bakin layinmu aka yi shi. Hajiya ba ta yarda an tsinki ta saman soro ba.