Rafila Tămaș, Likitar da Ta Hana Tumakin Ubanta Hawa Dutse

Haihuwa da karatu

An haifi Rafila Tămaș a shekara ta 1949 a wani ƙauyen makiyaya na lardin Maramureș, ƙasar Romaniya. Mahaifinta Gavrilă yana da garke babba da kai mai tauri, mahaifiyarta Todosia kuwa masaƙiya ce. Ita kaɗai Allah Ya ba su, uban kuma bai haɗa ta da kowa ba. Shi ya tura ta birnin Cluj, inda ta kammala karatun likitan dabbobi a 1973, aka mayar da ita aiki ƙauyensu.

Aure da zuri'a

A 1975 ta auri Ilarie Bud, malamin makaranta mai sanyin hali, wanda ya yi haƙuri da matar da kullum ke komowa gida da warin garke. Sun zauna lafiya, suka haifi 'ya'ya uku.

Shekarar tari

Mutanenmu sun fi tsoron iskar da ke kurɗowa ta kafar ƙofa fiye da kyarkeci, har ciwon haƙori ita ake ɗora wa. Da hunturu akan toshe kowace kafa ta ɗakin tumaki da ciyawa, zarni ya turnuƙe, a ce an yi musu gata.

A farkon bazarar 1978 'ya'yan tumakin Gavrilă suka kama tari da majina, suna haki, suna mutuwa. Rafila ta auna su ta tarar da zazzaɓi, ta saurari ƙirazansu ta ji ƙara. Sai ta feɗe wanda ya mutu: gaban huhun ya yi jawur ya daskare kamar hanta, ta yanki kaɗan ta jefa a bokitin ruwa, ya nutse. Ɗakin gwaji na birnin Baia Mare ya tabbatar da ciwon huhu na ƙwayoyin cuta.

"Iska ce ta buge su," in ji uban.

"Baba, rashinta ne ke kashe su."

"To, sannu likita! Da kuɗin raguna na sayo mai koya mini kiwo."

Ta yi musu allura, ta ɓamɓare katakan saman bangon ɗakin tumakin da hannunta don iska ta shiga. Wannan da sauƙi. A watan Mayu, ranar da ake haɗa tumakin gari a auna madarar kowa kafin a hau dutse da su kiwo, ta tsaya gaban jama'a ta ce garken Gavrilă Tămaș ba zai shiga ba bana, don kada ya harbi na mutane. Dattijon ya sa hularsa, ya kora tumakinsa gida shi kaɗai. Garken ya warke, amma daga ranar bai sake kiran sunanta ba. In ya zama dole sai ya ce "matar malam". Abin ya ci mata rai ƙwarai, duk da haka ba ta fasa aika masa abincin Lahadi ba, shi ma bai taɓa mayar da kwanon da saura ba.

Shekarun baya

Sannu a hankali makiyayan yankin suka koyi barin kafar iska a saman bango. A hunturun 1991 Gavrilă ya kwanta da zazzaɓi da tari, ya ƙi yarda likitan asibiti ya taɓa shi.

"A kira mini Rafila," in ji shi. "Wadda ba ta rufa mini asiri a gaban gari ba, ba za ta yi mini ƙarya a kan gado ba."

Ta zo ta ɗora abin saurare a ƙirjinsa, ta ce huhu ne, asibiti kuma ba fashi. Ya tashi ya bi ta ba gardama. Ya warke ya ƙara shekaru shida, kusan kullum suna zaune a ƙofar garke suna musu a kan tumaki. Takan ce ba ta yi kwanakin da suka fi waɗannan daɗi ba. Ta yi ritaya a 2009.

Rasuwa

Ta rasu a watan Oktoba na 2021 bayan gajeriyar jinya, ta bar mijinta da 'ya'yanta: Onisim, injiniya; Lucreția, malamar jinya; da Dochia, mai riƙe da garken gida. An binne ta a harabar cocin katako na ƙauyen, kusa da mahaifinta, bisa wasiyyarta, domin ta ce tana bin sa bashin hirar shekara goma sha uku da bai gama biya ba.