Kwalbar da na hana abokin babana

Lokacin ina aiki a wani gidan abinci na 'yan Ghana a garin Alexandria, nan ƙasar Turawa. Ana sayar da giya, abin da ban taɓa faɗa wa mutan gida ba. Kafin a ba ni tire sai da manaja ya zaunar da ni: wanda ya bugu ba a ƙara masa, ko kuka yake. Ka ƙara, da kai da lasisin gidan kun shiga uku. Kuma kar ya tuƙa, a kira masa tasi ko wani nasa.

Wata Asabar bayan la'asar sai ga abokin babana, injiniya, mutumin da ya ɗauko ni a filin jirgi ranar da na sauka ƙasar nan. Ba a daɗe da arba'in ɗin matarsa ba. Tun daga ƙofa yake dafa kujeru. Muka haɗa ido, kowa ya sunkuyar da kai.

Na rusuna na gaishe shi.

"Lafiya lau. Kawo min ɗaya, ɗana."

Na kawo ruwa.

"Alwala na ce maka zan yi?"

"Baba, ta ƙare."

Ya kalli teburin kusa, kwalabe cike. "Yau ni kake wa ƙarya?"

Bakina ya kasa furta ka bugu. Na ce doka ce, Baba, ba ni ba.

Ya zaro makulli ya miƙe. Na ce bari in kira tasi. Ya ce motarsa ta kwana a ƙofar gidan giya, alhali duk Bahaushen da ya wuce ya santa?

Sai na yi abin da aka koya min. Na kira 'yarsa.

Ta shigo da hijabinta, ta tsaya, ta yi masa magana da Turanci a hankali. Bai kalle ta ba. Ni ya kalla.

"Da ka bar ni da titi, da ya fi min sauƙi."

Manaja ya dafa kafaɗata, wai na yi daidai. Sai a jirgin ƙasa, ina komawa gida, na tuna ni ma na iya tuƙi. Da na ajiye tire na kai shi da kaina, ba wanda zai ji.

Ya isa gida lafiya, na sani. Amma duk Juma'a a masallacinmu ina duba sahun gaba, gefen dama inda yake zama. An ce yanzu can garin Laurel yake zuwa salla. Da Sallah na tura masa saƙon gaisuwa a waya. Ya buɗe, bai amsa ba.