Ƙwaron da na kusa murjewa a Tsibiri

Ana idar da sallar asuba muka bar Tasawa, ni da wani abokin aikina, na rungume dosiyen takarduna kamar jariri. Shekara tara ina koyar da kimiyya a lise, wato babbar sakandare. Da na ji jami'a a Maraɗi ta buɗe guraben karatun dokta, sai na rubuta shafi ashirin kan maganin feshi mai ƙarfi da zai kashe tsutsar da ke cin zangarniyar gero. Tsutsar nan ta cinye gonar mahaifina damina biyu a jere, ina da haushinta.

Hanya ba laifi, gero kore shar hagu da dama. Daga tashar Maraɗi ɗan kabu-kabu ya ce dala ɗari, muka yi ta ja har ya sauko sittin, ya kuma rama a kan ramuka.

Malamar da za ta duba ni ta karanta shafi biyu kacal ta ajiye. Ga shi gurbi ɗaya ya rage a wajenta. Ta ce in bi ɗalibanta fita gona, mu yi magana gobe.

Mun fara da Jiratawa, inda wani ɗalibin injiniya ke gwada famfon ban-ruwa mai aiki da rana. Ruwa na gudu cikin fadamar zogale ba ƙarar inji, na tsaya baki buɗe. Nan muka ci dambun zogale da ƙuli, har abokina ya nemi ƙari ba kunya.

Da la'asar muka isa Tsibiri. A bakin wata gona an rataye ƙaramin buhun algarara jikin itace. Wani ƙwaro da bai kai sauro ba ya sauka a hannun rigata, na ɗaga yatsa zan murje shi. Dattijon mai gonar ya cafke ni.

"Kai Malam, mi ya yi maka? Wanga shi ka yi mani gadin hatsi!"

Ashe a labo, ɗakin gwaje-gwaje, ɗaliban ke kiwon irin ƙwarin nan, su zuba a buhu, ƙwarin su fito su nemi tsutsar, su harbe ta su yi ƙwai a jikinta. Dattijon ya ɓare mini zangarniya, ga tsutsa a sandare. Wallahi maganin da na rubuta shafi ashirin a kansa, ƙwarin nan zai fara kashewa.

Washegari na ce wa Malama takardata ba ta da amfani. Na tambaye ta yadda ƙwarin za su rayu da rani, lokacin da babu gero.

Ta yi murmushi. "Mu ma ba mu gama sani ba. Je ka rubuto mini wannan, gurbin zai jira ka wata guda."

Na je da amsa a hammata, tambaya ce ta sama mini wuri. Na iso gida da buhu ɗaya da suka ba ni, na rataye a gonar mahaifina. Ya dube shi ya dube ni, ya ce, "Dokta ɗin ke nan cikin buhu?" Na ce masa e, Baba, kada dai kowa ya yi feshi.