Uwargida Enid Blenkin da Tafkin Kwaɗi

Shekara talatin da huɗu ke nan, kowace safiya Uwargida Enid Blenkin takan hau motar haya ta ƙarfe bakwai daga ƙauyenmu, Tadmere, zuwa ɗakin adana tsofaffin takardu na gunduma. Takan wanke hannu, ta bushe shi sarai, sannan ta warware fatun da aka yi rubutu a kansu tun kafin kakannin kakanninmu. Ranar Juma'a za ta ajiye aiki.

Mun tashi muna jin cewa wani jarumi ne ya bar wa ƙauyen sunansa. Ita ce ta bi sawun sunan cikin takardun gonaki da na coci, ta same shi a rubuce iri goma sha ɗaya, mafi tsufansu yana nufin tafkin kwaɗi. Amma ba ta yarda da takarda ita kaɗai. Sai ta sa takalman roba ta taka ƙasar da sunan yake magana a kai.

Shekarar da majalisar ƙauye ta yanke shawarar gina makarantar yara a filin gangare, ta miƙe a taro ta ce tafkin yana nan ƙarƙashin ciyawa. Shugaban majalisa, Dennis Orrell, ya ce, "Haba Enid, kwaɗin da suka mutu shekara ɗari takwas ne za su hana mu gini?"

Ta ce, "Kwaɗin sun mutu, Dennis, ruwan bai mutu ba. Ka bari Fabrairu ta zo, zan ara maka takalmana."

An yi dariya. Ina cikin masu dariyar, da sabon digirina na tarihi, kuma har yau abin yana cin raina. Kunyar tsufanta kawai ta sa aka jinkirta ginin. Fabrairu ta zo da ruwan kwana tara, filin ya cika har gwiwa, daidai inda aka kafa turakun ajin ƙananan yara.

Uwargida Enid, ke ce kika koya mini cewa magabata ba sa raɗa wa ƙasa suna don ado. Mai haƙurin karanta abin da kowa ya manta, mun gode.

Matasanmu, ku je ku zauna da ita tun tana iya nuna muku hanya. Makarantar tana kan tudu yanzu. Idan yara suka buɗe taga da bazara, suna jiyo kukan kwaɗi daga gangare.