Kiɗan da Baffa Yake So

Jiya a motar Garun Malam na ji wani dogon kiɗan Turawa, sai marigayi Baffa, yayan babana, ya faɗo mini a rai. Yakan kunna irinsa a gonar tumatir, jita da sarewa su yi ta hawa da sauka kusan rabin awa babu waƙa.

Wata rana aminansa suka tashi suka bar masa inuwar da suke zaune. Babana ya ce, "Yaya, wannan ai kiɗan aljanu ne."

Baffa ya ce, "Ku dai jira ya kai ƙarshe."

Ba wanda ya taɓa jira, har ni. Bayan sadakar bakwai Babana ya watsa kaset-kaset ɗinsa cikin kanal ɗin ban-ruwa, ina tsaye ina kallo.

Allah Ya yafe mana, Ya sanyaya makwancinsa.